Ɗan wasa a ƙasar wani: fashin baƙi kan tafiyar Sotigui Kouyaté

Bayan sallar isha'i muna zaune a ƙofar gida a Aboabo, unguwarmu a Kumasi ta ƙasar Gana, butar shayi na kan gawayi, ɗan ƙanwata ya miƙo mini wayarsa. Ɗan gajeren bidiyo ne da suka ɗauka shi da abokansa a lungun bayan masallaci. Shi ne ya fito a matsayin mai gidan haya, ya zo karɓar kuɗin shekara biyu a dunƙule, ya zurma babbar rigar kakansa, asuwaki a baki, yana jan ƙafa ɗaya. Na yi dariya har da hawaye. Yaron ya iya. Ya kama yadda dattawan zango ke jan "tooo" su yi shiru, su dubi ƙasa, kafin su saki maganar da za ta hana ka barci. Da na mayar masa da wayar sai ya ce, "Kawu, ni fa in na samu hanya fita zan yi. Wasa ba ya ciyar da mutum a garin nan."

Ban musa masa ba, don gaskiya ya faɗa. Tambaya ɗaya na yi masa: wannan "tooo" ɗin da ta sa ni hawaye, wa zai gane ta a Hambug ta Jamus?

Duk mai sana'ar da zai bar gida, da kayan aikinsa yake tafiya. Tela ɗinki ɗaya ne ko'ina. Makaniken Suame Magazine, unguwar makanikai ta Kumasi, in ya buɗe inji a Italiya, injin da ya sani zai tarar. Ɗan wasan kwaikwayo kuwa da abu uku yake aiki: jikinsa, harshensa, da mutanen da ke zaune a gabansa. Jikin ne kawai ke sauka daga jirgi lafiya lau. Harshen yana biye da shi, amma ya koma kamar sidi, kuɗinmu na Gana, a aljihun wanda ke tsaye a kasuwar Paris, ga kuɗi, ba mai karɓa. 'Yan kallo kuma a gida ake barinsu, tare da duk abin da suka sani ba sai an faɗa musu ba. Shi ya sa cikin waɗanda na sani da suka fita neman arziki, ɗan wasa ne ya fi kowa saurin ajiye sana'arsa. 'Yan kaɗan ɗin da ba su ajiye ba sun cancanci a zauna a duba yadda aka yi.

Wanda na fi so in duba shi ne Sotigui Kouyaté, ɗan wasan kwaikwayon da ya yi suna a Paris, saboda maƙwabcinmu ne. Motar da ke tashi daga Kumasi ta bi Tamale da Bolga, ta tsallaka iyaka a Paga, Wagadugu take sauke mutane, garin da ya fara suna kuma garin da aka binne shi. An haife shi a Bamako a 1936, ya tashi a ƙasar da a lokacin ake kira Haute-Volta, Barkina Faso ta yau, ya rasu a Paris a watan Afrilun 2010. Shi da kansa yakan ce asalinsa Gini, haihuwarsa Mali, riƙonsa Barkina. Ɗan zango ba ya buƙatar a fassara masa irin wannan amsa. Mu ma in aka ce daga ina muke, sai mun gyara zama kafin mu fara.

Sunan nasa ma labari ne. Akwai wani tsoho Bawangare mai sayar da goro da nakan zauna wurinsa a Alabar. Ran nan na ce masa, "Baba, ka san mutanen da ake ce wa Kouyaté?" Sai ya ja ganye ya rufe huhun goron, ya dube ni, ya ce, "Ɗana, ai su ne bakin sarki. Keita ya yi yaƙi, Kouyaté ya faɗa." A ƙasar Mande jeli ake ce musu. Tun zamanin Sunjata Keita, a ƙarni na 13, zuriyar Balla Fasseke Kouyaté ke riƙe da tarihin gidan sarauta. Su ke sulhu tsakanin dangi, su ke neman aure, su ke isar da maganar da babba ba zai faɗa da bakinsa ba. Su ma suna da nasu ƙangin, ba kowane gida ke haɗa jini da su ba, amma in muka fassara jeli da maroƙi mun rage masa tsawo. A wurinmu maroƙi ana yi masa kari ana kuma raina shi, haka ɗan kama, haka ɗan gambara, kuma wannan rainin ne ya gangaro kan ɗan dirama na yau, wanda har gobe akwai gidan da zai je neman aure a ce masa ya fara samo aikin yi tukuna. Sotigui ya tashi a gidan da magana a gaban jama'a take gado mai nauyi, da ƙa'idojinta: yaushe ake ɗaga murya, yaushe ake yin shiru, ta yaya ake sa taron mutum ɗari ya saurara kamar mutum ɗaya. Wannan ne jarin farko da ya fita da shi.

Jari na biyu shi ne wanda masu ba da labarinsa ke yawan tsallakewa, wato daɗewar da ya yi a gida. Da fari ma ƙwallo ya buga, har ya zama kyaftin na ƙungiyar ƙasar. A 1966 ya shiga wasan kwaikwayo, ya kafa ƙungiyarsa, yana rubutawa, yana shiryawa, yana fitowa, yana kuma aikin gwamnati don tukunya ta hau wuta. Ya yi sa'a garinsa ya zama matattarar masu fim na Afirka tun daga 1969, shekarar da aka fara bikin FESPACO, kuma a farkon shekarun 1970 ya fito a fina-finan Moustapha Alassane na Nijar. Kusan shekara 20 ya yi yana wannan fama kafin wani a Turai ya san da zamansa. Lokacin da aka kira shi Paris ya doshi hamsin, da 'ya'yansa manya. Da sana'arsa a hannu ya sauka.

Wanda ya kira shi shi ma barin gida ya yi. Peter Brook mutumin Ingila ne da ya riga ya gama suna a Landan, amma a 1970 ya tattara ya koma Paris, ya tara 'yan wasa daga ƙasashe daban-daban yana neman amsar tambaya guda: me zai rage na wasan kwaikwayo in mai yi da mai kallo ba sa jin yaren juna? A ƙarshen 1972 ya kwashe su a motoci suka ratsa Sahara, suka bi Agadas da Damagaram da Kano, suna shimfiɗa darduma a dandalin gari, suna wasa a gaban mutanen da ba su taɓa sayen tikitin kallo ba. A 1974 ya karɓi wani tsohon gidan wasa da aka yasar, Bouffes du Nord, a bayan babbar tashar jirgin ƙasa ta arewacin Paris, unguwar da baƙi suka yi yawa. To ka ga ƙofar da Sotigui ya shiga ba kowa ke dacewa da irinta ba. Mai ƙofar ya riga ya yanke cewa bambancin lafazi ba aibi ba ne, har ma nemansa yake yi. A wasu gidajen wasan, Faransancin da ya sha ruwan Wagadugu ya isa a ce maka je ka, za mu neme ka.

A wani fim da aka ɗauka a ƙasarsu a farkon shekarun 1980 mutanen Brook suka gan shi, aka aika masa. Wasan da ake shiryawa shi ne Mahabharata, tsohon labarin Indiya na yaƙin 'yan uwan juna a kan sarauta. Jean-Claude Carrière ya tsara shi da Faransanci, aka fara nuna shi a bikin Avignon a 1985, a cikin wani ramin fasa dutse, tsawonsa awa 9, wata rana a fara da yamma sai gari ya waye a tashi. Sotigui ne Bhishma, dattijon da ya rantse ba zai yi aure ba, ba zai hau gadon sarauta ba, aka ba shi ikon zaɓar lokacin mutuwarsa, ya ƙare kwance a kan kibau yana yi wa na baya wasiyya. Mutum ne dogo siriri kamar sandar makiyayi, ba ya gaggawa, kuma in ka kalli wasan da aka mayar na talabijin a 1989, mai kusan awa 6, za ka ga abin da tsohon nan na Alabar yake nufi. Sauran suna yin wasa, shi kuwa kamar yana isar da saƙon da aka ba shi amana. A 1990 Brook ya ba shi Prospero, sarkin Milan da aka kora, babban matsayi a The Tempest na Shakespeare, shi kuma Bakary Sangaré na Mali ya fito a Ariel, aljanin da ke yi masa hidima.

Wasu masana a Indiya sun soki Brook da cewa ya ɗauki abin da mutane ke girmamawa ya mayar da shi kayan kallon Turawa, kuma ni ina ganin sukan na da tushe. Irin wannan tambayar tana kan Sotigui ma: gwanintarsa aka saya, ko siffar dattijon Afirka mai hikima da Bature ke son gani? Ina jin duka biyun aka saya a kuɗi ɗaya. Abin da ya cece shi shi ne gwanintar ta fi siffar nauyi, ta yadda ko an ɗinka masa rigar da ba tasa ba, shi ake gani a ciki.

Yanzu ga maganar kuɗi, wadda ita ce ta dami ɗan ƙanwata. Abin da ya riƙe Sotigui a Paris fiye da shekara 20 ba tafi ba ne. Faransa tana zuba kuɗin gwamnati a gidajen wasa, har ƙungiya irin ta Brook ta iya rufe ƙofa wata da watanni tana atisaye, ana biyan kowa, ba a sayar da tikiti ko ɗaya ba. Sannan akwai tsarin da aka yi wa masu aikin wasa na musamman: wanda ya tara awa 507 na aikin da aka biya shi cikin shekara, in ya shiga lokacin da babu aiki, ana ba shi abin da zai riƙe kansa har wani aikin ya zo. An gane cewa sana'ar tana da damina tana da rani, aka yi mata rumbu.

Ka aza wannan kusa da abin da ke faruwa a Gana a daidai waɗannan shekarun. Wasanmu na wancan zamani konsat fati ne, ƙungiyoyin da ke yawo gari gari da mota da makaɗa, su kama fili su kwana suna yi, kuma kuɗin ƙofa kaɗai ke ciyar da su. Bayan juyin mulkin 31 ga Disamba 1981 aka sa dokar hana fitar dare, ta kai har 1984. Sana'ar dare aka hana wa dare. A tsakiyar wannan, 1983 ta zo da fari da gobarar daji da yunwa, ga kusan mutum miliyan ɗaya da aka koro daga Najeriya. Wa zai sayi tikiti bai sayi gari ba? Makaɗa da 'yan wasa suka watse, wasu Landan, wasu Hambug, garin da aka samo kalmar boga da muke kiran wanda ya dawo daga waje da ita. Talabijin, tun da aka buɗe ta a 1965, tasha ɗaya ce ta gwamnati. Ta yi shirye-shiryen da gari ke tsayawa cak dominsu, Osofo Dadzie da Obra, a lokacin mu yaran zango muna cika tagar duk gidan da ke da akwati, amma da Akan ake yi, kuma wurin bai ishi kowa ba. An buɗe babban gidan wasa na ƙasa a Ankara, babban birninmu, a 1992 da taimakon Sin. Bayan shekara huɗu aka sayar wa wani kamfanin Malesiya mafi yawan hannun jarin hukumar fina-finai ta ƙasa, daga nan TV3 ta fito a 1997. Gini ya samu, tashoshi sun yawaita, rumbun ne dai har yau ba a gina ba. Ɗan wasan da ya ce zai fita ba butulci ya yi ba.

Sai dai wanda ya fita zai tarar dandali da talabijin ba hali ɗaya gare su ba, kuma wannan ne wurin da yawancin masu mafarkin tafiya ba su sani ba. Dandali yarjejeniya ce tsakanin mai yi da mai kallo. In aka shimfiɗa darduma aka ce nan daji ne, kowa ya yarda daji ne. In baƙin mutum daga Wagadugu ya fito ya ce shi ne sarkin Milan da aka kora, bayan minti biyar ba mai sake tunanin fatarsa, kamar yadda a tashe yaro ke manna auduga a haɓa mu karɓe shi a matsayin tsoho. Kyamarar talabijin ba ta yin wannan ciniki. So take mai kallo ya gane ko kai wane ne cikin ƙiftawar ido, tun kafin ka buɗe baki. Shi ya sa in wakilinka ya kira ka gwaji, abin da ke jiranka direban tasi ne, ko mai gadi, ko wanda ba shi da takardu, ko boka. Talabijin ce ke da kuɗi da yawan ido, ita ce kuma ta fi ƙuntata wa baƙo.

Hugh Quarshie ya nuna ɗaya gefen. An haife shi a Ankara a 1954, aka tafi da shi Ingila yana ɗan shekara uku, ya yi karatu a Oxford. Shi matsalar lafazi ba ta taɓa shi ba, Turancinsa na gidan ne. Duk da haka fata ta bi shi har dandali. A ƙarshen shekarun 1990 ya fito fili ya ce yana shakkar ko ya kamata baƙar fata ya taka rawar Othello, don tsoron kada ya gaskata wa mutane hoton baƙin mutum mai kishi da saurin hannu. Bai yarda ya taka ba sai a 2015, a kamfanin Shakespeare na Stratford, inda aka ba wani baƙar fatan, Lucian Msamati, matsayin Iago maƙiyinsa, wanda hakan ya canza ma'anar wasan tun daga tushe. A tsakani, daga 2001 zuwa 2020, shi ne likitan tiyata Ric Griffin a shirin Holby City na BBC. Shekara 19 a riga ɗaya. Wani zai ce an ɗaure gwani a wuri guda. Ni kuwa ina tuna yaran baƙi da suka girma suna ganin mai kamarsu a matsayin babban likita kowane mako, ban iya raina wannan aikin ba.

Daga nan ake gane dalilin da ya sa ɗan wasan da ya yi hijira yakan ƙare a kujerar darakta. Muddin kana jiran a kira ka, labarin wani za ka ɗauka. Sotigui da ma darakta ne tun a gida, kuma da ƙafarsa ta kafu a Paris sai ya waiwayo. A 1997 shi da wasu abokan aiki, cikinsu har da Habib Dembélé, suka kafa ƙungiyar Mandéka a Bamako, ya shirya musu Antigone, tsohon wasan Girka na yarinyar da ta ƙi bin umarnin sarki ta binne ɗan uwanta. Duk wanda ya san nauyin jana'iza a wurinmu ya san wannan labarin ba baƙo ba ne a bakin Kwara. Ɗansa Dani Kouyaté kuma ya sa shi a fim ɗinsa Keïta na 1995, inda ya fito a matsayin jelin da ya zo birni ya koya wa ɗan boko asalin sunansa.

Amma aikin da ya fi tsaya mini a rai shi ne na 2004, lokacin da Brook ya shirya wasa a kan Tierno Bokar, Sotigui ya fito a matsayin malamin. Tierno Bokar shehin Tijjaniyya ne a Bandiagara ta ƙasar Mali, malamin Amadou Hampâté Bâ, wanda ya rubuta tarihinsa. A zamaninsa aka yi saɓani a kan Jauharatul Kamali a cikin wazifa: ƙafa 11 ake karantawa ko 12? Mabiya Shehu Hamallah na Nioro suna kan 11, gidan Shehu Umaru Futi, dangin Tierno Bokar ke nan, suna kan 12. Turawan mulkin Faransa suka shiga tsakani, suka ɗauki 'yan 11 a matsayin masu tawaye. Tierno Bokar, da tsufansa da darajarsa, ya tafi Nioro ya zauna da Hamallah, ya gamsu, ya koma 11. Danginsa suka juya masa baya, aka hana shi karantarwa, almajirai suka watse, ya rasu a 1940 kusan shi kaɗai. Hamallah kuma aka kai shi Faransa, can ya rasu a tsare a 1943.

Ka duba wannan labari, sannan ka dubi unguwarmu. Mu ne muke jin wazifa tana tashi daga zawiya, mu ne muke ganin an shimfiɗa farin ƙyalle in an zo Jauhara. Mu ne kuma muka ga yadda saɓanin malamai ya raba masallatai da gidaje a zangunan ƙasar nan a shekarun 1990, har wa da ƙane suka daina gaisawa. In akwai mutanen da aka yi wannan wasa dominsu, mu ne. An nuna shi a Turai da Amurka, da Faransanci, mutanen da ba su taɓa riƙe carbi ba suka yi ta tafi. Ni dai har yau ban gamu da mutum ɗaya a zangon Kumasi da ya gan shi ba. Wannan abu yana ci mini rai, kuma a nan nake ganin ainihin farashin hijirar ɗan wasa. Shi ya samu dandali da albashi da daraja. Aikinsa mafi kyau kuwa ya faɗa a gaban waɗanda za su yaba gwaninta, ya wuce waɗanda zai taɓa musu gyambo.

Duniya ta gama sallama masa a ƙarshen rayuwarsa. A fim ɗin London River na Rachid Bouchareb ya fito a matsayin Usmanu, Musulmi ɗan Afirka mai aikin gandun daji a Faransa, da ya je Landan neman ɗansa bayan harin bama-bamai na 7 ga Yulin 2005, ɗan da bai gani ba tun yana ƙarami, ba zai ma gane fuskarsa ba. Uban da neman abinci ya raba da ɗansa: kowane layi a Aboabo da Asawase akwai gidan da ya san wannan. A bikin fina-finai na Balin a 2009 aka ba shi lambar gwarzon ɗan wasa. Shekara ɗaya da 'yan watanni bayan nan ya rasu, aka kawo shi Wagadugu, inda yanzu ake raba wa 'yan wasan Afirka lambobin yabo da sunansa.

Kada wani ya ce to ai maganin shi ne a zauna a gida, ko a dawo. Muna da misalin wanda ya dawo, ɗan garin nan ne ma. Mohammed Ben Abdallah, haifaffen Kumasi a 1944, ya yi karatun wasan kwaikwayo a Amurka har digirin digirgir, ya dawo, ya koyar a Jami'ar Gana da ke Legon, yana cikin waɗanda suka kafa ƙungiyar wasan kwaikwayo ta Abibigromma a 1983, ya riƙe muƙamin gwamnati a harkar ilimi da al'adu, kuma da hannunsa a samuwar gidan wasa na ƙasa. Ya kawo malamai da rawani da mutanen zango cikin wasanninsa, irin su The Trial of Mallam Ilya. Babban aiki ne, kuma ina alfahari da shi. Amma da Turanci aka yi, a jami'a da manyan zaurukan Ankara. Tsakanin Nima, zangon Ankara, da gidan wasa na ƙasa tafiyar 'yan mintuna ce a tirotiro, motar haya, sai dai tsohuwar da ke sayar da koko a Nima nisanta da wannan zauren bai gaza nisanta da Paris ba. Ashe ana iya rabuwa da 'yan kallo ba tare da an hau jirgi ba. Mu da ke magana da Hausa a ƙasar nan, gwanayenmu tun a gida suke fara zama baƙi a dandali: ko su yi da Turanci, ko su yi da Twi a Kumawood, masana'antar fim ta Kumasi, ko su ɗaga kai su dubi Kano.

Ina da aboki da muka yi makarantar Islamiyya tare. In Mauludi ya zo shi ne gwarzon wasan da muke yi a farfajiya, zani biyu ne labulenmu, benci huɗu a haɗe ne dandali. Yakan fito a matsayin attajiri marowaci, iyaye mata su yi ta dariya suna rufe baki da mayafi. Ya bi ta Libiya ya shiga Italiya, yanzu kaya yake ɗauka a wani sito. Ba wanda ya taɓa kiransa gwaji, bai ma san inda ake yi ba. Abin da yake yi shi ne, in ya tashi aiki da dare, sai ya turo saƙon murya a zaurenmu na WhatsApp, yana kwaikwayon malaminmu marigayi yana jan baƙi, da tarin da yakan yi kafin ya ɗaga bulala. Mu goma sha wani abu ne a zauren. Mu ne 'yan kallonsa da suka rage, kuma har yanzu bai rasa komai na gwanintarsa ba.

Duk wannan na zayyana wa ɗan ƙanwata a daren nan, har shayi ya kai zagaye na uku. Ban ce masa kada ya tafi ba, ba ni da abin da zan ba shi a madadin tafiyar. Ya yi shiru yana juya kofi a hannu, can ya ce, "Kawu, shekara nawa ka ce ya yi a gida kafin su kira shi?" Na ce kusan ashirin.

Bayan sati biyu ya zo ya same ni, wai sun je wurin malamin makarantarsu ta dā sun roƙi aron farfajiya ranar Asabar ta bayan sallah. Malam ya ce su fara kawo masa labarin a rubuce ya gani, kuma a tashi kafin magariba. Benci 30 ne a makarantar, suna neman inda za su aro wasu. Ya ce mai gidan hayan nan ne zai dawo, amma wannan karon da ɗansa da ya turo kuɗi daga waje, kuma yana so in zo in zauna a gaba, in ya ja "tooo" ɗin ya ga ko ta kai bencin ƙarshe.